Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa? Gidajen Mafiya A Idon Mata Masu Shirya Fim

Gabatarwa

Kafin in tsunduma cikin wannan bayani, ya kamata in gaya wa mai karatu abin da ya jawo shi. A hutun tsakiyar zangon bara, mu wajen goma muka taru muka kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya shirya a 1972. Labari ne na wani gida na 'yan asalin tsibirin Sisili waɗanda suka ƙasaita a birnin New York ta hanyar caca da kisan kai. A ƙarshen fim ɗin, matar Michael, watau ɗan da ya gaji uban gidan, ta tambaye shi ko shi ne ya sa aka kashe mijin ƙanwarsa. Ya dube ta ido cikin ido ya ce a'a. Ta fita hankalinta kwance, sai ta waiwayo ta hangi manyan yaransa suna sumbatar hannunsa, sa'an nan ɗaya daga cikinsu ya tako ya tura ƙofa a fuskarta. Nan fim ya ƙare.

Mu maza muka ɗauki tafi. Sai wata 'yar ajinmu ta ce, "To, ku dai kun zauna cikin ɗaki tare da masu bindiga. Ita wannan da aka rufe wa ƙofa fa, ina ta nufa? Me za ta gaya wa 'ya'yanta idan sun girma?" Na ce mata ai labarin ba nata ba ne. Ta ce, "Malam, wa ya yanke haka?" Ban sami abin cewa ba.

Wannan tambaya ita ce ta sa ni bin diddigin finafinan da mata suka shirya a kan irin waɗannan gidaje. Na tarar suna da yawa, kuma kusan dukkansu magana guda suke juyawa, watau maganar gado. Mu Hausawa mukan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To, idan uban mai kisan kai ne fa, kuma shi ma haka ya tarar da nasa uban? A wannan maƙala zan bi tarihin abin daga Italiya, inda ya fi tsufa, sa'an nan in ƙetara teku zuwa Kolambiya da Meziko.

Asalin Mafiya Da Matsayin Mace A Cikinta

Ƙasar Italiya ta haɗu ta zama ɗaya a 1861. A yammacin Sisili kuwa, sabuwar hukuma ba ta da ƙarfin tsare gonaki da lambunan lemo da ke kewaye da birnin Palermo, saboda haka masu gonaki suka dogara ga 'yan gadi masu bindiga. Da tafiya ta yi nisa sai 'yan gadin suka gane cewa wanda ke iya tsare gona yana iya ƙona ta. Suka shiga karɓar kuɗi daga manomi da ɗan kasuwa da sunan kariya, alhali kuwa su ne abin tsoron. Kalmar mafiya ta bayyana a cikin rahoton hukuma tun 1865. A birnin Napoli akwai irin wannan ƙungiya ana kiranta Camorra, a lardin Kalabariya kuma akwai 'Ndrangheta. Duk da haka sai a 1982, bayan an kashe ɗan majalisa Pio La Torre da Janar Dalla Chiesa, aka yi dokar da ta mai da zama ɗan mafiya laifi a kan kansa.

A ƙa'idar waɗannan ƙungiyoyi, namiji ne ake rantsarwa. Amma ƙungiyar ba ta tsayuwa sai da mace, domin aiki uku ne a wuyanta. Na farko, da ita ake ƙulla zumunci: idan gida biyu suna son sulhu ko haɗa ƙarfi, sai a aurar da 'yar wannan ga ɗan wancan, ko tana so ko ba ta so. Na biyu, idan an ɗaure miji, ita ce mai kai saƙo kurkuku ta kawo amsa, ita ce mai ajiyar kuɗi. Na uku kuwa, wanda ya fi nauyi, ita ce malamar farko. A hannunta yaro ke koyon dokar kame baki, wadda suke kira omertà, a bakinta kuma yake jin sunan wanda ya kashe ubansa, tun yana rarrafe har ranar da zai isa ɗaukar bindiga. Ke nan mikin da aka yi wa uwa ba ya warkewa a jikinta, sai ta miƙa shi ga ɗa, shi kuma ya je ya yi wa wani gida irinsa.

Matan Da Suka Fasa Ƙwai

Tun kafin mata su ɗauki kyamara, akwai waɗanda suka tsaya gaban alƙali. Serafina Battaglia ta Palermo na daga cikin na farko. An kashe mai gidanta a 1960, ta matsa wa ɗanta lamba ya ɗauki fansa, shi ma aka kashe shi a 1962. Sai a sa'an nan ta je kotu ta tona asirin duk abin da ta sani. An ɗaure waɗanda ta ambata, amma daga baya babbar kotu ta rushe hukuncin, aka sallame su. Ta rasa miji, ta rasa ɗa, ba ta kuma sami hakkinta ba.

Daga 1986 zuwa 1987 aka yi babbar shari'ar Palermo, inda aka gurfanar da mutum 475, aka sami fiye da 300 da laifi, 19 daga cikinsu ɗaurin rai da rai. Alƙalai masu bincike biyu, Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, su ne ƙashin bayan wannan aiki. Mafiya ta rama da bam: Falcone ranar 23 ga Mayu 1992, Borsellino ranar 19 ga Yuli na wannan shekara.

A tsakanin nan ne labarin Rita Atria ya faru. An kashe ubanta, wanda ɗan mafiya ne a garin Partanna, a 1985, tana da shekara 11. Wanta ya ci alwashin fansa, shi ma aka kashe shi a 1991. Tana da shekara 17 ta bi sahun matar wan nata, ta ba da shaida a hannun Borsellino, wanda ta ɗauka tamkar uba. Uwarta ta yafe ta. Mako guda bayan an kashe Borsellino, Rita ta faɗo daga hawa na bakwai na gidan da hukuma ta ɓoye ta a birnin Rum, ta mutu. Bayan 'yan watanni uwar ta tafi maƙabarta da guduma ta farfasa dutsen kabarinta. Duk mai son ya fahimci finafinan da zan ambata, to ya riƙe wannan guduma a zuciyarsa, domin ita ce ke nuna cewa a irin wannan gida dokar ƙungiya tana iya rinjayar nonon uwa.

Mata Sun Ɗauki Kyamara

Wadda ta fara nuna wa duniya abin da ke bayan ƙofa ba mai shirya fim ba ce, mai ɗaukar hoto ce, Letizia Battaglia, wadda ta rayu daga 1935 zuwa 2022. An yi mata aure tana da shekara 16, ta haifi 'ya'ya mata uku, daga baya ta bar auren, a 1974 kuma ta kama aiki da jaridar L'Ora ta Palermo. Da zarar an yi kisa sai ta ruga wurin. Ita ce ta ɗauki hoton nan na ranar 6 ga Janairu 1980, inda wani mutum yake jawo ɗan'uwansa Piersanti Mattarella, shugaban lardin Sisili, daga cikin motar da aka harbe shi. Mai jawowar, Sergio Mattarella, shi ne ya zama shugaban ƙasar Italiya a 2015. To amma hotunanta da suka fi tsaya mini a rai su ne na waɗanda aka bari: mata masu takaba a bakin gawa, da wani yaro a 1982 wanda ya rufe fuskarsa da safa ya riƙe bindiga yana wasan kisan kai a lungu. A 2019 wata Baturiyar Ingila, Kim Longinotto, ta shirya fim na gaskiya a kan rayuwarta mai suna Shooting the Mafia. Longinotto ta jera tarihin garin da tarihin matar kafaɗa da kafaɗa, tun daga kullen da ubanta ya yi mata tana yarinya, don mai kallo ya ga cewa ikon da namiji ke nunawa a titi da bindiga a cikin gida ya koye shi.

A fagen fim na ƙirƙira kuwa, sai mu fara da Lina Wertmüller, mace ta farko da aka taɓa sa sunanta cikin masu takarar lambar Oscar ta gwanin darakta, a 1977. A 1986 ta fito da wani fim wanda aka fi sani a waje da sunan Camorra. A cikinsa ana ta tsintar gawarwakin dillalan ƙwaya a lungunan Napoli, kowanne an soke shi da allura. 'Yan sanda da 'yan ƙungiya duka suna zaton faɗan gidaje ne. Ashe iyaye mata ne, waɗanda aka lalata wa 'ya'ya da hiroyin, suka haɗa kai. Wertmüller ba daga sama ta tsinko wannan ba, domin a tsakiyar shekarun 1980 iyaye mata na unguwannin talakawan Napoli sun fito fili suna tona asirin masu sayar wa 'ya'yansu ƙwaya. Abin lura shi ne, a fim ɗinta mace ta ƙwace fansa daga hannun namiji ne kawai, fansar tana nan ba ta mutu ba.

Roberta Torre ta bi wata hanya dabam. Ita 'yar Milan ce, ta koma Palermo da zama a farkon shekarun 1990, watau daidai lokacin bama-bamai. A 1997 ta fito da Tano da morire, labarin wani mahauci ɗan mafiya da aka harbe a shagonsa a 1988. Sai ta mai da shi fim na waƙa da rawa da ban dariya, ta ɗebo 'yan wasanta daga cikin mutanen kasuwa waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Shekara biyar kacal bayan kisan Falcone, ga talakawan Palermo suna tiƙar rawa suna yi wa mafiya shaƙiyanci. Mai mulki da tsoro ba abin da ya ƙi jini kamar dariya. Amma a ƙarƙashin dariyar akwai 'yan'uwan mahaucin mata huɗu waɗanda ya hana aure saboda kishi da sunan mutunci, har suna jin tsoronsa bayan ya mutu. A 2002 Torre ta sake fitowa da Angela, wanda ta gina a kan labarin gaskiya na wata mata da ke taya mijinta rarraba ƙwaya a cikin kwalayen takalma. Angela ta fi yawancin mazan gidan wayo da ƙarfin hali, amma idan an zo shawara sai a shige ɗakin baya a bar ta a kanti tana leƙe. Ga ƙofar nan ta Coppola ta sake bayyana, sai dai a wannan karo kyamara tana waje tare da wadda aka rufe wa.

Kalabariya: Inda Ƙungiya Ita Ce Dangi

A Sisili ana iya ɗauko bare a rantsar da shi. A Kalabariya kuwa, kowane reshe na 'Ndrangheta gida guda ne na jini da surukuta. Wannan ne ya sa masu tuba su ba da shaida suka yi ƙaranci a can, domin duk wanda ya buɗe baki ubansa da wansa zai kai kurkuku. Masu gabatar da ƙara, musamman wata mai suna Alessandra Cerreti, suka lura cewa idan akwai ɓaraka a wannan bango, to wajen mata take, saboda su ne ke shan duka da kulle, su ne kuma ke kallon 'ya'yansu maza suna tafiya kabari ko kurkuku.

Mata uku ne suka fi shahara. Lea Garofalo an kashe ubanta tana jaririya. Ta fara ba hukuma shaida a 2002 don ta raba 'yarta Denise da wannan rayuwa. Ranar 24 ga Nuwamba 2009 uban 'yar, Carlo Cosco, ya yaudare ta zuwa Milan da sunan maganar karatun yarinyar, aka kashe ta aka ƙona gawar. Denise ta tsaya a kotu ta ba da shaida a kan ubanta, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012. Ta biyu, Giuseppina Pesce ta garin Rosarno, an kama ta a 2010 ta fara magana. Dangi suka riƙe 'ya'yanta uku suna matsa mata ta bakinsu har ta janye, daga baya ta sake tsayawa, shaidarta ta ɗaure mutane da yawa a 2013, har da ubanta da uwarta. Ta uku, Maria Concetta Cacciola, ita ma 'yar Rosarno, ta gudu wurin hukuma a 2011, amma begen 'ya'yanta ya komo da ita gida. Ranar 20 ga Agusta na shekarar aka same ta da ruwan asid a cikinta, ta mutu. Kotu ta ɗaure ubanta da uwarta da ɗan'uwanta saboda azabar da suka gana mata.

Labarin waɗannan mata shi ne aka mayar fim mai kashi shida, The Good Mothers, a 2023, wanda Elisa Amoruso ta shirya tare da Julian Jarrold, ya kuma ci lambar finafinai masu dogon zango a bikin Balin. Abin da ya ba ni mamaki da na kalle shi shi ne ƙarancin harbe-harbe. Tashin hankalin yana wurin cin abinci, yana cikin wayar da uwa ke bugo wa 'yarta da murya mai daɗi tana cewa ta komo gida yara suna kuka. Ƙauna ce aka mayar igiya. Kuma kowace daga cikin ukun tana da uwa ko suruka wadda ita ma an yi mata haka tana yarinya, yanzu kuma ita ce mai gadin ƙofa.

Har hukuma ma ta kai ga wannan fahimta. Wani alƙalin kotun yara a Reggio Calabria, Roberto Di Bella, ya ga 'ya'yan waɗanda ya yi wa shari'a a shekarun 1990 suna zuwa gabansa da irin laifin iyayensu da irin sunayensu. Daga 2012 ya fara raba waɗansu yara da gidajensu, ana kai su wani lardi su yi karatu har su balaga su zaɓa wa kansu. An zarge shi da ƙwacen 'ya'yan mutane, kuma zargin ba abin wasa ba ne. Amma daga baya waɗansu iyaye mata da kansu suka riƙa zuwa a ɓoye suna roƙonsa ya tafi da nasu.

Ƙetaren Teku: Kolambiya Da Meziko

A 2018 Cristina Gallego, tare da Ciro Guerra, ta shirya Pájaros de verano, watau tsuntsayen bazara, a kan ƙabilar Wayuu ta hamadar Guajira a arewacin Kolambiya. Su Wayuu ta wajen uwa suke lissafin dangi, saboda haka mai faɗa a ji a fim ɗin wata dattijuwa ce, Úrsula. Wani saurayi ya zo neman 'yarta, aka yanka masa dukiyar aure: awaki 30, shanu 20, alfadarai 2 da tsakiya 5. Ba shi da su, sai ya shiga sayar wa Amurkawa tabar wiwi. Daga 1968 zuwa 1980 gidan ya tashi daga bukka zuwa bene a tsakiyar hamada, sa'an nan ya rushe. Wannan ya yi daidai da tarihi, domin a shekarun 1970 ne cinikin wiwi ya cika wannan yanki da kuɗi da bindigogi, kafin hodar iblis ta karɓe kasuwa. Gallego ba ta wanke dattijuwar ba. Úrsula tana fassara mafarki tana tsare al'ada, amma ta karɓi kuɗin, ta kuma shagwaɓa ɗanta har ya yi ɓarnar da ta jawo yaƙi. Ranar da aka kashe manzon sulhu, wanda al'adarsu ta haramta a taɓa, ranar ce kowa ya san gidan ya ƙare.

Laura Mora kuwa nata mikin ta ɗauka. An harbe mahaifinta a Medellin a 2002. Bayan shekara 15 ta fito da Matar a Jesús, labarin wata ɗaliba da aka kashe ubanta, malamin jami'a, a gabanta. Hukuma ta yi biris da ƙarar, sai yarinyar ta gamu da wanda ya yi harbin a gidan rawa, ta shiga jikinsa da niyyar kashe shi. Da ta san gidansu da talaucinsu, ta gane shi ma ɗan aike ne wanda bai san dalilin aikensa ba. Bindiga ta zo hannunta, ta ƙi harbi.

A Meziko, tun da Shugaba Felipe Calderón ya tura soja jihar Michoacán a Disamba 2006, yaƙi da ƙungiyoyin ƙwaya ya ci dubban rayuka, a 2022 kuma rajistar hukuma ta mutanen da suka ɓace ta haura 100,000. Iyaye mata ne ke yawo da shebur suna tonon daji. Fernanda Valadez ta shirya Sin señas particulares a 2020, labarin wata uwa da ta bi sawun ɗanta wanda ya ɓace a hanyar Amurka. Irin wannan ya faru, domin a 2011 an tono gawa 193 a San Fernando, da yawansu fasinjojin da aka sauke daga motocin safa. Uwar ta sami ɗanta da rai, amma da bindiga a hannunsa cikin waɗanda suka tare motar, domin an ba shi zaɓi ne tsakanin ya kashe ko a kashe shi. A 2021 Tatiana Huezo ta fito da Noche de fuego, inda iyaye mata a wani ƙauyen dutse ke yi wa 'ya'yansu mata aski irin na maza, suna haƙa musu rami a bayan gida don su ɓuya in an ji ƙarar motoci. Abin da uwa ke koya wa 'yarta a wannan ƙauye shi ne sauraro: ta bambance kukan kare da ƙugin mota tun daga nesa.

Na ƙarshe shi ne Sujo, wanda Valadez da Astrid Rondero suka shirya, ya ci babbar lambar finafinan ƙasashen waje a bikin Sundance na 2024. Sujo ɗan shekara huɗu ne sa'ad da ƙungiya ta kashe ubansa, wanda shi ma ɗan kisan haya ne, ta kuma nemi yaron don kada ya girma ya rama. Innarsa ta ɓoye shi a wata bukka a kan dutse ta raine shi. Da ya tasa ya fara bin hanyar uban, har aka kashe abokin tasowarsa, sai ya gudu birnin Meziko ya kama dako a kasuwa. A can ya riƙa laɓewa yana sauraron darasi a babbar jami'ar ƙasar, har wata malama ta lura da shi ta jawo shi.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan finafinai bisa shekarunsu, za a ga tambayar tana canzawa. A 1986 Wertmüller tana tambaya ne ko mace za ta iya ramawa. Torre, a 1997 da 2002, ta tambayi matsayin mace a cikin gidan. Na baya-bayan nan kuwa, daga Mora zuwa Amoruso da Rondero, tambayarsu ita ce ko ɗa zai iya ajiye kayan da aka ɗora masa tun kafin a haife shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk fim ɗin mace ya fi na namiji gaskiya. Maza ma sun yi finafinai masu kyau a kan Rita Atria da Lea Garofalo, biyu daga cikin waɗanda na ambata kuwa mace da namiji ne suka haɗu suka yi su. Haka nan akwai haɗari idan wahalar talakan Kalabariya ko Michoacán ta zama abin cin lamba a bukukuwan Turai, alhali shi bai ga canji ba. Abin da nake cewa shi ne, waɗannan mata sun canza wurin da ake kafa kyamara, kuma wurin da ka tsaya shi ke yanke abin da za ka gani. Wanda ya tsaya cikin ɗaki zai ga sarauta da kwarjini, har ya yi sha'awa, kamar yadda muka yi tafi a ranar nan. Wanda ya tsaya a tsakar gida zai ga wadda ke wanke jini daga riga, da yaron da ke kallonta.

Kuma ba su mai da mace tsarkakakkiya ba. Serafina ce ta tura ɗanta, uwar Rita ce ta ɗauki guduma, Úrsula ce ta karɓi kuɗi. Hannun da ke miƙa gadon shi ne kuma ke iya riƙe shi, sai dai kuɗin riƙewar yana da tsada: Lea da Maria Concetta da rayukansu suka biya, Denise da Giuseppina kuma suka rabu da sunansu da garinsu.

Game da karin maganar da na fara da ita, mu ne dai muka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mu ne kuma muka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tarihin nan ya nuna mini cewa kowace tana iya zama gaskiya, kuma abin da ke raba su sau da yawa mutum guda ne da ya tsaya wa yaro: inna a kan dutse, ko alƙali a Reggio Calabria, ko malama da ta ga baƙuwar fuska a bayan aji ba ta kira masu gadi ba. Wannan na ƙarshe ya shafe mu, mu da malamanmu, fiye da yadda muke zato.

Da na kai wa 'yar ajin nan tamu wannan rubutu, ta karanta ta ce na yi ƙoƙari, amma har yanzu ban gaya mata abin da matar Michael ta faɗa wa 'ya'yanta ba. Na ce wannan sai ita ta rubuta. Ina fata za mu gan shi a fitowa ta gaba.